Iskar Barcin Yaya Sale

Tun da muka dawo daga Akra ban huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna majalisarmu ta Ƙofar Kwaya a tare ni, har mai shayi sai ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Dakta, wai da gaske fiddo zuciyar Sale suka yi suka wanke?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara mashi gishiri kafin ya kai gaba. To ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ku sani tun yanzu, akwai abin da har yau ban gama ganewa ba.

Da farko dai ni ba likita ba ne. Unguwa ce ta laƙaba mani Dakta, ni kuma ban taɓa hana ta ba. Sunana Mannir, shekara ashirin da biyu ina aiki ɗakin tiyata. Ni ke tura gadon maras lafiya, ni ke canza tukunyar iska, ni ke ɗura maganin barci cikin kwalbar inji, wannan da ake shaƙa ma mutum ta robar hanci. Injin yana da abin murɗawa, lamba ɗaya zuwa biyar. Abin da idona ya koya mani shi ne, ƙato a murɗa mashi sama, ƙaramin jiki a murɗa ƙasa. Iyakar karatuna ke nan.

Yaya Sale kuwa kun san shi, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mahauci a Babbar Kasuwa, ɗan tauri tun yana saurayi. Shekarun baya aka yi mashi aikin ƙaba a asibitinmu, ina tsaye. Aka kifa mashi roba aka murɗa uku, yana ƙyafta ido. Aka kai huɗu, sai ya fara kirari cikin robar. Mu huɗu muka danne shi, aka kai biyar, sai da mai ba da maganin ya jiƙe da gumi sannan ya yi barci. Kafin a sallame shi magana ta gama kasuwa: ƙarfe bai cin Sale, iskar asibiti ma ta ji kunya. Wa ya fitar da maganar? Ni ne, da bakina, kuma da alfahari.

Bara ƙafafunshi suka fara kumbura. Mutumin da ke saɓa cinyar sa shi kaɗai, ya koma in ya taka daga rumfa zuwa bakin titi sai ya zauna. Likitan zuciya ya ɗauki hoto ya ce ƙofa ɗaya cikin zuciyar ta lalace, sai an buɗe ƙirji an canza ta. Layi yana da tsawo, shi kuma ba ya da lokacin jira. Wani tsohon abokinshi, dillalin shanu da ke zaune a Gana, shi ya samo mamu gurbi a wani asibitin zuciya a Akra.

Ranar da aka sa lokaci, Yaya ya kira ni gefe. Ya ce, "Mannir, mutuwa ta Allah ce, ban jin ta. Abin da ban so, in farka ana cikin fiɗa ta. Ni na san ƙarar da haƙarƙari ke yi in an tsaga shi." Inna, mahaifiyarmu, ita ma ta kama hannuna ta ce, "Kai ne idonmu. Ka hwaɗa masu ɗan'uwanka ba kamar kowa ba ne, su ninka mashi."

To wa zai saurari mai tura gado a ƙasar mutane? Sai na zauna na rubuta takarda da Turanci, irin yadda na ga likitoci na rubutawa. Na ce wannan maras lafiya iskar barci ba ta kama shi, a fara mashi daga lamba ta ƙarshe. Na yi mata sa hannu irin na likitoci, wanda ni kaina ban iya karantawa, na cusa ta cikin takardun gaskiya. Wallahi ranar ji na yi na yi ma ɗan'uwana gata.

Jirgin sama Yaya ya ce sam. Wai shi ba ya shiga abin da babu inda zai tsaya in mutum ya matsu. Na yi dariya, ashe shi ke da gaskiya, don ƙwayar da aka ba shi ta rage kumburi fitsari take sawa. Likita ya yarda mu bi ƙasa in za mu riƙa yada zango. Ba mu wuce Batagarawa ba ya ce a tsaya. Kafin Malumfashi an tsaya sau uku. Direba ya fara tsaki, fasinja suka fara ƙunƙuni, sai wata hajiya mai sarin atamfa da ke bayanmu ta juye ruwan jarkarta ta taga ta miƙo mashi, ta ce, "Bawan Allah, riƙe wannan, mu za mu kau da kai." Ɗan taurin da duk kasuwa ke shakka, ya karɓi jarka yana godiya. Haka muka yi kwana biyu kafin Legas.

Daga Legas zuwa Akra iyaka uku ce, kuma kowace sai ka sauka da kayanka. Ta farko lafiya lau. A ta biyu jami'i ya buɗe jakar Yaya, sai ga wuƙar fiɗa naɗe cikin zanen Inna, da kambu biyu, da ƙullin garin magani. Ni ban san ya ɗauko su ba! Jami'in ya ɗaga wuƙar yana Faransanci, ni ina mayar mashi da Turanci, Yaya na zaune bisa jaka yana haki yana Hausa. Da na ga ba a fahimtar juna sai na nuna ƙirjin Yaya, na ja yatsa daga wuya zuwa ciki, wai ina nufin aiki za a yi mashi. Kai, ban san lokacin da jami'ai uku suka kewaye ni ba. Allah Ya kawo wata mai goro Bahaushiya da ke jin yarensu, ita ta warware mu. Suka duba takardun asibiti, suka mayar da kambu da ƙulli, suka ce wuƙa dai ba ta wucewa, kuma dokarsu ce, ban ga laifinsu ba. Yaya ya bar ma mai goro ita. Har muka shiga mota yana waiwayen ta.

Muna shiga Gana na ga agogona ya wuce na kowa da awa ɗaya. Na gyara, wayata ma ta gyara kanta, na sake gyarawa, ƙarshe na rasa wanne ne daidai, ƙwayar Yaya ta rana sai da inuwa na auna lokacinta. Ga hotuna manya-manya ko'ina a bakin titi, tsofaffi da samari, kowa ya ci ado yana murmushi. Yaya ya ce, "Tabɗi, 'yan takarar ƙasar nan sun fi masu zaɓe yawa." Na kusa da mu ya ce ai ba takara ba ce, sanarwar jana'iza ce, duk mamata ne. A can gawa sai ta yi wata da watanni a sanyi kafin a taru, a yi ɗinki iri ɗaya, a yi kiɗa. Mu da ake rasuwa da hantsi a rufe kafin la'asar. Yaya bai sake kallon taga ba.

Mun sauka Nima, unguwar Hausawa, gidan abokin nan nashi. Shi ya yi arewa sayen shanu, sai matarshi Mma Adiza ta karɓe mu, mace gajera mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne, ita kuma ta ce tamu ce ke da wuya, wai muna magana kamar masu karanta labarai. Ɗakin ƙarami ne amma tsaf, sai dai makwabtanmu coci ne ta gabas, masallaci ta yamma, kowa da lasifikarshi, kuma ba mai jin haushin wani.

Abinci kam na sha mamaki. Ta kawo wake da shinkafa ja-ja-ja cikin ganye, a kai ga taliya, ga garin kwaki, ga ƙwai, ga wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi. Na ce, "Mma, duk na mutum ɗaya ne, ko haɗa ragowa aka yi?" Ta yi dariya har da tafi. Washegari dokunu, wani tuwon masara mai tsami naɗe da ɓawo. Na ɗauka ya lalace, na tura shi gefe cikin dabara, sai na ga ita tana ci tana lumshe ido. Yaya kuwa an hana shi gishiri, an rage mashi nama. Mahauci da farin kunu! Kullum sai ya kalli kwanona ya ce Allah Ya isa.

Aka ba Yaya gado a asibiti, na miƙa takardu duka har da tawa. Saura kwana ɗaya aiki sai ga likitar barci ta aiko a kira ni ofishinta. Sunanta Dakta Abena, ba Bahaushiya ba ce, amma a zangon Kumasi ta girma, Hausa a bakinta rangaɗau. Takardata na gabanta, an ja mata layi da jan biro.

Ta ce, "Malam Mannir, wane likita ya rubuta wannan? Ina son in yi magana da shi."

Na ce, "Ai ya tafi Umra."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "An ce mani kana aiki a tiyata. Lokacin aikin ƙabar kana wurin? Ya zuciyarshi take bugawa?"

Na tuna, don ni ne na danne ƙirjin. Na ce kamar kalangu.

"To tsoro ke nan. Mai tsoro zuciyarshi gudu take, mai gudun zuciya kuma iskar ba ta saurin kama shi."

Tsoro? Yaya Sale? Sannan na ce, "Likita, ban gane ba. Ai in jini na gudu, shi ne zai kai maganin ƙwaƙwalwa da wuri."

Ta jawo takarda ta zana akwati. Ta ce in ɗauka huhu tasha ce, iskar barci fasinja, jini kuma motoci. In zuciya na da ƙarfi, motoci na shigowa a jere, kowace ta ɗauki mutum biyu uku ta wuce, ta zube su a cinya da gadon baya da kitse. Tasha ba ta cika, motar da za ta ƙwaƙwalwa ma rabi take tashi, sai a daɗe mutum bai yi barci ba. In zuciya ta raunana kuwa, mota jefi-jefi take zuwa, nan da nan tasha ta cika, wadda ta zo ta tashi maƙil. Kuma jiki in ya ga jini ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa da zuciya yake fara aika mawa.

Na ce, "Wato wanda jininshi ke kwasar maganin da yawa, shi ne ba ya barci. Wanda ke kwasar kaɗan, shi ke barci."

"Haka ne."

"To wancan da ya kwasa da yawa, ina maganin ya shiga?"

"Na gaya maka, cinya."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ta ci gaba, ta ce abin tsoron shi ne iskar kanta in ta yi yawa danne zuciya take. Zuciya ta ƙara rauni, tasha ta ƙara cika, zuciya ta ƙara rauni. Tana faɗa tana kewaya yatsa bisa tebur, sai ta tsayar da yatsan cak. Ta ce zuciyar Yaya yanzu ba ta tura rabin abin da take turawa a da, jikin ne kawai ya rage na ƙato.

Don in nuna ni ma ɗan gida ne, na tambaye ta, in sun buɗe ƙirjin ta ina zai riƙa shaƙar iskar. Ta ce ai tsayar da zuciyar za su yi, da huhun duka, inji ya karɓi aikin, iskar sai su ba injin. Na ce, "Injin za ku sa barci?" Ta ce a'a, jinin da ke bi ta cikinshi. Nan kaina ya ida ɗaurewa.

Ta ajiye biro ta ce, "Ka ji inda matsalata take. In tsoro ne kawai, na san abin da zan yi, kaɗan-kaɗan zan bi shi. Amma wannan likitan ya rubuta kamar ya san wani abu a jikinshi da ni ban sani ba. In gaskiya ne, dole in saki hannu fiye da yadda raina ke so, kuma zuciyar nan ba ta da wurin ɗaukar kuskure. Ka nemo mani shi ko a Makka yake."

Na fito. Bayan la'asar na zauna gindin wata bishiya a harabar asibitin, na sa tsinke ina zana tasha a ƙasa. In na bi maganar likita daga farko sai in ga daidai ce, in na ɗaga kai na tuna ranar da mu huɗu muka danne Yaya sai in ga ƙarya ce. Shekara ashirin da biyu idona na ganin ƙato na shan biyar. Ko idon nawa ne bai san abin da yake kallo ba? Mma Adiza ta zo da kunun Yaya ta same ni a haka. Na yi mata bayani, na juya shi baibai, na gyara, na sake juyawa. Ta ce, "Dokta, ni ban gane motocin nan naka ba, kuma da alama kai ma ba ka gane ba. In ba ka sani ba, bar ma wanda ya sani." Na ji haushinta ƙwarai.

Da safe aka sa ma Yaya riga mai ɗaurin baya da hular leda, aka ɗora shi gadon turawa. Dakta Abena ta zo da fayil a hannu ta ce, "An samu likitan?" Kafin in yi magana Yaya ya ɗago kai ya ce, "Mannir, sun ga takardar ko? Ka hwaɗa mata ta murɗe shi duka."

Har lokacin ban gane tasha ba, kada in yi maku ƙarya. Abin da na gane ɗaya ne: ita ta san abin da take faɗa, ni ban san abin da na rubuta ba. Na ce, "Likita, takardar nan ni na rubuta ta. Babu wani likita, babu Umra. Ni gado nake turawa."

Nas biyu da ke wurin suka kalli juna. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Dakta Abena ba ta yi faɗa ba. Ta zare takardar daga fayil, ta ninke ta biyu ta miƙo mani, ta ce, "Gara da ka faɗa yanzu." Ta duƙa ta gaya ma Yaya za ta manna mashi wani abu a goshi da ke nuna zurfin barci, kuma tana nan kanshi har a gama. Ko kallonta bai yi ba. Ya damƙi wuyan hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage mashi, idonshi ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara.

Ya ce, "Mannir, ka kashe ni. Nono ɗaya muka sha. In na farka suna cikin fiɗa ta, ban yahe maka ba."

Aka ja gadon. Hannuna ya kai ga ƙarfen da kanshi, don sabo, sai nas ta cire shi a hankali ta nuna mani benci.

Awa bakwai na yi bisa bencin nan. Inna ta kira sau uku, ban ɗauka ba, mi zan ce mata? In na rufe ido sai in ga Yaya kwance ido buɗe, an ba shi maganin da ke hana motsi, yana jin zarto, ba halin ihu. In na buɗe sai in ga yatsan likita ya tsaya cak bisa tebur. Ko ta ina aka bi, da hannuna a ciki. Na yi azahar, na kasa tuna raka'a nawa na yi, na sake.

Bayan la'asar Dakta Abena ta fito, hula a hannu. Ta ce an gama, an canza ƙofar, zuciya ta tashi da kanta. Ta ce, "Lambar da ka rubuta, ko rabinta ba mu kai ba. Da ɗan abin da muka ba shi ma jininshi ya faɗi, sai da muka tallafe shi." Na ce, "Ya farka a ciki?" Ta ce injinta ya ce a'a, amma shi zan tambaya.

Sai washegari da hantsi aka bar ni na shiga. An cire mashi bututun maƙogwaro, wayoyi ko'ina, fuskar ta kumbura. Na tsaya bakin gadon ina tsoron ya buɗe ido, ina tsoron abin da zai ce. Can ya buɗe. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni, sannan ya yafito ni da yatsa. Na kai kunne bakinshi.

Da wata 'yar murya ya ce, "Ka gani ko? Na hwaɗa maka bai kama ni. Je ka ce masu su ƙara, kada su fara tukuna."

Sai na ɗauki hannunshi na ɗora bisa bandejin da ke ƙirjinshi, tun daga wuya har ciki. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya dube ni, na gyaɗa mashi kai, sannan na zauna ƙasa gefen gadon na yi kuka har nas ta zo ta fitar da ni.